Tambaya da Amsa: Tsohon Gidan Gona da Magada Ke Shawarar Rushewa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, kuma dukkansu a kan tsofaffin gidajen ƙasa na karkara suke. Mun taƙaita su saboda fili, amma ba mu taɓa ainihin abin da masu su suka tambaya ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Kakanmu ya bar mana gida a bakin gandunsa, can gefen gari, kuma dattawa sun ce an gina shi tun kafin a shimfiɗa layin dogon da ya bi ta Ringim zuwa Nguru. Akwai zaure babba mai bakan gizo, da shigifa, da soro mai bene, da rumbuna huɗu da rijiya. Bara wasu ɗaliban jami'a masu koyon zanen gine-gine suka zo suka auna shi, suka ce gida ne mai daraja wanda ya cancanci a adana. Yayyena kuwa so suke a rushe shi a yi na bulo da kwano. Me waɗannan ɗalibai suka gani a gidan? Kuma shin gwamnati tana karɓar irin wannan gida ta kula da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan kakanku. Shawarata tun da fari ita ce kada ku rushe gidan nan, kuma kada ku zauna jiran gwamnati ta zo ta tsare muku shi, domin abin da ke riƙe ginin ƙasa shi ne mutum a cikinsa da gyaran da ake yi masa kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Abu na farko da ya ɗauki hankalin ɗaliban nan, ba na shakka, shi ne rufin zauren. Itacen da maginanmu suka dogara da shi wajen rufi shi ne azara, wadda ake samu idan an sare giginyar da ta manyanta aka tsattsage ta, kuma an fifita ta ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, ba ta kuma saurin ruɓewa. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita biyu. Duk ɗakin ƙasa da ka shiga ka ga ya fi haka faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, to, wani ya zauna ya yi lissafi a kansa. Yadda ake yi shi ne, magini zai dasa azara a cikin bango tun ginin yana ƙasa, ya bar ta ta leƙo ciki, sannan ya ɗora wata a kanta ya ɗaure tamau da igiya, kowace ɗaya tana ɗan ƙara karkata fiye da wadda ke ƙasanta, daga wannan bango da wancan a lokaci guda, har su haɗu a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara wata, domin idan aka yi gaggawa nauyin ɗanyen yaɓe kaɗai ya isa ya sauko da aikin duka. Inda bakuna biyu ko fiye suka gitta juna, wato ɗaurin guga, a nan gwanintar take fitowa fili, kuma a nan ne sau da yawa ake manna tasa ko faranti a tsakiyar rufin. Idan ka koma gida ka tsaya a tsakiyar zauren ka ɗaga kai, ka ƙirga ƙafafun bakunan, wato sassansu da suka taso daga bango, ka duba ko kaurinsu ɗaya ne kuma ko sun haɗu a daidai tsakiya. Mutumin da ya yi wannan bai riƙe takarda ko ma'auni ba, da ido da taku da abin da ya koya a hannun mahaifinsa ya yi shi, kuma masu iya shi a yau sun yi ƙaranci ƙwarai.

Abu na biyu shi ne tsarin gidan gaba ɗayansa, wanda a ganina bai gaza rufin daraja ba. Baƙo yana tsayawa a zaure, wanda ya fi kusa yana wucewa ƙofar gida har shigifa, cikin gida kuwa na iyali ne, kuma an karkatar da ƙofofin yadda na waje ba zai hango na ciki ba. Rumbuna suna zaune a kan duwatsu saboda danshi da ɓeraye, a inda mai gida zai iya ganinsu daga turakarsa, turken dabbobi kuma yana kusa da hanyar da ake fitar da taki zuwa gona. Wannan shi ne fasalin rayuwar gandu, lokacin da uba da 'ya'yansa masu aure suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa ta kansa. A birni an yanyanka irin waɗannan gidaje an mai da zaurukansu shaguna, a ƙauye kuwa yawancin gidajen wancan zamani na jinka da danga ne, ba su daɗe ba. Soro mai bene a bakin gona alama ce ta manomin da ya tara abin hannu, kuma lokacin da dattawanku suka ambata ya yi daidai da shekarun da kuɗin gyaɗa suka fara shiga karkarar Kano, bayan jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911 kuma kafin reshen Nguru ya kammala wajen 1930. Samun zaure da soro da rumbuna da rijiya duk a tsaye a wuri guda, gonar kuma tana nan a gefe, shi ne abin da ba a cika gani ba.

Game da ko an taɓa karrama gini irin wannan, an taɓa yi. A Kafin Madaki da ke jihar Bauci akwai Gidan Madaki, wanda ake dangantawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma tun 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa. A nan jihar Kano tsohon masallacin Bebeji yana cikin wannan jeri, haka zanen duwatsun Birnin Kudu a Jigawa. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, wanda yanzu birni ya haɗiye, labarin da aka fi sani shi ne asalinsa gidan mai kula da gandun Sarkin Kano ne, kafin Bature Hanns Vischer ya zauna a cikinsa ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Wato shi ma gidan gona ne a farkonsa, kuma yau a can Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. A maƙwabciyarmu Nijar, masallacin ƙasa na ƙauyen Yama da ke yankin Tawa, aikin wani magini manomi mai suna Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1986. Saboda haka kasancewar gini a ƙauye, ko kasancewarsa na ƙasa, bai taɓa hana a san darajarsa ba.

Hanyar da doka ta tsara kuwa tana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, kuma tana da ma'aikata a Gidan Makama a Kano. Hukumar ce ke bincika wuri, ta sanar da niyyarta a hukumance, a ba mai wurin dama ya faɗi ra'ayinsa, sannan shugaban ƙasa ya amince. Daga ranar da aka ayyana gini ba a rushe shi ko a sauya masa fasali sai da izinin hukumar, kuma wannan sharaɗi ne da ya kamata yayyenka su ji shi tun da wuri, kada su ga kamar an yi musu shigo-shigo ba zurfi. Wuraren da aka ayyana a duk faɗin ƙasar nan ba su da yawa, an fi yin su a shekarun 1950 da 1960, kuma ayyanawar ba ta zuwa da kuɗin gyara na kowace shekara. Ganuwar Kano tana cikin kayan tarihin ƙasa, tun 2007 kuma take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a duba sanya su cikin kayan tarihin duniya, amma duk wanda ya zagaya ta ya san yadda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka cinye sassanta da dama. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma shi ya sa nake gaya maka kada ka ɗora begenka a kan takarda.

Abin da ke hannunka ya fi wannan yawa. Ka nemi malamin da ya turo ɗaliban nan ka roƙe shi kwafin zane da awon da suka yi da hotunan da suka ɗauka, ka ajiye ɗaya a gida, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa da ke wani gari. Kada ka raina wannan aiki, domin lokacin da aka sake fasalin masallacin Zariya a shekarun 1970, awon da masana suka riga suka yi ne ya sa aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ka zauna da dattawan da suka rage, maza da mata, ka naɗi muryarsu a waya suna faɗin wanda ya gina gidan, daga wane gari aka ɗauko shi, a wane kududdufi aka haƙo ƙasar, daga ina aka kawo azarar, domin gidan da aka san magininsa da tarihinsa ya fi ƙarfin hujja a gaban kowace hukuma. Bayan haka ka rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi zuwa masarauta, ka aika kwafi ga hukumar tarihi ta jiha da ta ƙasa, ko da ba a amsa da wuri ba.

Su kuma yayyenka, buƙatarsu ba ta banza ba ce, kuma idan ka nuna musu kamar ba su san darajar kakansu ba, ka rasa su ka rasa gidan. Mutum yana son ɗakin da ba ya yoyo, da banɗaki mai kyau, da wurin da zai kai amarya ba tare da an yi masa gori ba. Tun da gidan a bakin gandu yake, fili ba zai gagara ba, sai a yi sabon ginin a gefe, a ɗan nesa, ta yadda ruwan kwanonsa ba zai riƙa dukan tsohon bango ba. Zauren ya ci gaba da aikinsa na karɓar baƙi da ɗaurin aure da karatun yara, wani kuma daga cikinku ya riƙa kwana a soron, domin ɗakin da aka kulle aka tafi shi ne wanda yoyonsa ke shekara ba wanda ya gani.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zaune a ƙasar Dawakin Tofa. Shekarun baya na sa aka yi wa soron mahaifinmu shafen siminti ta waje don in huta da yaɓe, amma yanzu simintin yana ɓallewa falle-falle, kuma ƙasar da ke bayansa ta yi laushi har da hannu ana ɗibarta. Me ya jawo haka, kuma mene ne mafita?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, kuma da kyakkyawar niyya kowa ya yi shi. Bangon tubali yana shan danshi yana kuma fitar da shi, yana ɗan kumbura da damina ya tsuke da rani, siminti kuwa ba ya bin sa a wannan motsi, don haka ba a daɗewa sai ya tsage. Ruwa yana shiga ta tsagar, ko ya taso daga ƙasa ta gindin bango, sai ya tarar ba hanyar fita, ya zauna a bayan simintin yana jiƙa ƙasar a hankali, alhali daga waje bangon yana nan sumul kamar ba abin da ke damunsa. A lokacin da ɓawon ya faɗo, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Ka jira ruwa ya ɗauke, sannan a ɓamɓare simintin da ya saki a hankali, sashe-sashe, ba a rana ɗaya ba, kuma idan laushin ya ci cikin bango sosai a tokare rufin daga ciki kafin a taɓa komai. A bar bangon ya sha iskar hunturu ya bushe, a kankare ƙasar da ta mutu har a kai ga mai ƙarfi, a cike gurbin da tubali da kwaɓin ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, wadda aka cakuɗa da ciyawa aka tattake aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Ana yin cikon ne hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin a ɗora na gaba. Shafen ƙarshe shi ne wanda kakanninmu suka sani, wato makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa idan an jiƙa shi, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, ya ba bango wannan launi mai duhu ya kuma sa ruwa ya riƙa zamewa. A rufi da kan katanga, inda ruwa ya fi duka, laso ake sawa, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi da gashin jima da ruwan dafara. Da marinar Kura da majemar Kano ba su yi maka nisa ba, kuma tsohon magini zai san inda ake samun kowanne.

Amma duk shafen da za ka yi ba zai yi amfani ba idan ba ka bi ruwa daga sama har ƙasa ba. Ka hau rufin da kanka a watan Maris ko Afrilu, ka cire ciyawa da duk tsiron da ya kama, ka toshe ramukan ƙadangaru, ka duba inda ƙasa ta lotsa har ruwa zai iya kwanciya. Ka tura sanda cikin kowane indararo ka tabbatar tsuntsu bai yi sheƙa a ciki ba, ka kuma tabbatar ya leƙo waje sosai yadda ruwansa zai faɗi nesa da bango, sannan a jera duwatsu a inda yake zuba. Zankwaye da kan katanga su ne ruwa ke fara ci, su ake fara gyarawa. A ƙasa kuma, a tayar da dakali a gindin bango, a karkatar da tsakar gida yadda ruwa zai fita, a kawar da turken awaki da tulin taki da randa daga jikin ginin, domin fitsarin dabbobi da ɗigon ruwa na kullum sun fi ruwan sama ɗaya cin gindin bango. Mutanen Jigawa sun gani a ambaliyar 2022 cewa ruwan da ya kwanta a gindin gida shi ne ke kayar da shi. Idan ka ga tsaga a jikin bakan gizo, ka manna ɗan yaɓe a kanta ka rubuta kwanan wata a gefe, in ya tsage bayan 'yan makonni to ginin yana motsi, sai ka fitar da mutane daga ɗakin ka kira magini ba tare da jinkiri ba.

Wasu suna ɗora kwano a saman rufin ƙasa idan ba su da mai hawa kowace shekara. Ba shi ne zaɓina ba, domin yana ɓoye zankwaye ya sauya kamannin soro, amma ya fi a bar rufin ya rufta, muddin an bar sarari iska tana ratsawa tsakaninsu, an fitar da bakin kwanon nesa da bango, kuma ba a ɗora nauyin katakonsa a kan bakan ba.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce daga ƙasar Kazaure, kuma ina da rabo a tsohon gidan gonar mahaifinmu. 'Yan'uwana maza suna maganar a sayar wa wani mai son filin kawai. Ni da ƙanwata ba ma so gidan ya salwanta. Akwai abin da za mu iya yi?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kuma haɗa kanku. Rabonki a gidan hakki ne da shari'a ta tabbatar miki, kuma ba a sayar da shi ba da saninki ba. Abin da malamai suka saba yi da dukiyar da rabawa za ta lalata ta shi ne a yi mata ƙima, sannan wanda ke son riƙe ta ya biya sauran, ko a ba su rabonsu daga wata dukiyar kamar gona ko dabbobi, idan kowa ya yarda. A fiƙihun Malikiyya akwai kuma hakkin shufu'a, wanda ya ba abokin tarayya a gida ko filin da ba a riga an raba ba damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan kuɗin da aka sayar, matuƙar bai yi sakaci ya bar lokaci ya ja ba. Idan kuma dukkanku kun amince, kuna iya mai da zauren wakafi don karatun allo ko amfanin zuri'a, a rubuta wanda zai riƙa kula da shi da inda kuɗin yaɓe zai riƙa fitowa, misali daga amfanin wani yanki na gonar.

Ki fara da babban da 'yan'uwanki ke jin nauyinsa, baffa ko kawu, ya tara ku gaban limami ko malamin da ya san rabon gado, a kira masu ƙima biyu da ba su da alaƙa da mai son sayen. Ki je zaman da lissafinki a hannu, wato abin da ke da ƙanwarki za ku iya biya da lokacin da za ku biya shi. Duk abin da aka daddale a rubuta shi, shaidu su sa hannu, dagaci ya shaida, kuma idan aka kasa daidaitawa a gida, kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ita ke da hurumin rabon gado, sai ki nemi ta dakatar da cinikin har a kammala rabon.